Rashidi Yekini: Bijimin Kaduna da ya jijjiga ragar duniya, ya ƙare rayuwa a kaɗaice a Ibadan

Ranar 21 ga watan Yuni, 1994, a filin wasa na Cotton Bowl da ke birnin Dallas na Amurka, Najeriya ta buga wasanta na farko a tarihin Gasar Cin Kofin Duniya. Minti 21 da take wasa da Bulgeriya, Finidi George ya shimfiɗo ƙwallo daga gefen dama, Rashidi Yekini ya tura ta cikin raga. Maimakon ya ruga wajen ’yan kallo kamar yadda aka saba, sai ya bi ƙwallon har ciki, ya damƙi zaren ragar da hannu biyu yana jijjigawa, yana ɗaga murya kamar mai kuka. Wannan hoto ya zagaya duniya, kuma har yau da shi ake tuna zuwan Najeriya wannan gasa.

Kusan shekara 18 bayan haka, ranar Juma’a 4 ga watan Mayu, 2012, mutumin nan ya rasu a Ibadan yana da shekara 48, bayan ya daɗe da janye jikinsa daga jama’a. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, da abin da ya gabace su, akwai tarihin da ya shafi duk wanda ya ba ƙasa ƙuruciyarsa yana jiran ranar ajiye aiki.

Tashinsa a Kaduna

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga watan Oktoba, 1963. Asalin iyayensa Yarabawa ne daga garin Ira da ke Ƙaramar Hukumar Oyun a Jihar Kwara ta yanzu. Kadunar wancan zamani gari ne na ma’aikata. Ita ce hedikwatar Jihar Arewa, ga barikokin soja, ga tashar jirgin ƙasa, ga masaƙu a Kakuri da kewaye da suka tara dubban leburori daga kowane sashe na ƙasa. Yaren da ya haɗa waɗannan mutane shi ne Hausa, kuma da ita Yekini ya buɗe baki a titi da filin wasa. Ya riƙe ta har ƙarshen rayuwarsa.

Bai fito daga gidan wadata ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, karatun boko bai yi nisa ba, ya shiga koyon sana’ar hannu a garejin gyaran mota domin ya taimaki gida. Ƙwallo kuwa a filayen unguwa ya koye ta. Daga nan ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ta ɗauke shi a farkon shekarun 1980. A lokacin yawancin ƙungiyoyin ƙwallon Najeriya na kamfanoni ne ko na hukumomin gwamnati, ɗan wasa kuma ma’aikaci ne da ke karɓar albashi kamar kowa. Wannan tsari ne ya raini ’yan wasa da dama, kuma rushewar masaƙun daga baya ta tafi da wani babban sashe na wannan reno.

Yana da kyau a tuna cewa Kaduna ba Yekini kaɗai ta ba Najeriya ba. Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro duk daga filayenta suka fito. Yekini ne yayansu a wannan tafarki.

Daga Kaduna zuwa Badun

A 1982 ya koma ƙungiyar IICC Shooting Stars ta Ibadan, garin da Hausawan kurmi ke kira Badun. Ƙungiyar ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Ita ce ta fara kawo wa Najeriya kofin nahiya a 1976, kuma a cikinta akwai manya irin su Segun Odegbami da Muda Lawal da Felix Owolabi, waɗanda suka ɗauki Kofin Afirka da Najeriya a Legas a 1980. Saurayi ɗan shekara 19 da ya zo daga Arewa, dogo mai ƙirar ƙarfi, tsawonsa ya kai mita 1.90, sai ga shi yana buga gaba tare da mutanen da yake jin sunayensu a rediyo.

Ibadan ba baƙon gari ba ne ga mai jin Hausa. Tun 1916 aka keɓe unguwar Sabo domin Hausawa fatake, masu cinikin goro da shanu tsakanin Arewa da kurmi, kuma har yau unguwar na da sarkinta da masallatanta da ’yan canjinta. A gefen arewacin birnin kuma akwai Ojoo, mashigar matafiya daga Arewa ta hanyar Ilori da Oyo, inda manyan motoci ke sauke kaya, Hausawa masu sana’o’i iri-iri suka yi sansani. Ɗan Kaduna da ya sauka a wannan gari zai sami masu gaisawa da shi da harshen da ya saba, zai sami tuwo da tsire da sahun salla. Ba mamaki Ibadan ta zame wa Yekini gida na biyu, inda ya gina gidansa, inda kuma ya dawo bayan ya gama yawon duniya.

Shooting Stars ta ci gasar lig ta ƙasa a 1983. A shekara mai bi ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka, inda ta haɗu da Zamalek ta Masar. An doke ta da ci 2 da nema a Alƙahira, aka sake doke ta da ci 1 da nema a Legas. Wannan rashi ya yi wa magoya baya ciwo ƙwarai, kuma bayansa ƙungiyar ta watse, manyan ’yan wasanta suka kama gabansu. Yekini ya nufi Abeokuta, ya shiga Abiola Babes, ƙungiyar attajiri Moshood Abiola, wadda ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987.

Hanyar Abijan zuwa Turai

Tsakiyar shekarun 1980 lokaci ne mai wuya a Najeriya. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta karye, albashin da ke riƙe gida jiya ya kasa yau. Kamar yadda likitoci da malaman jami’a suka riƙa ficewa, haka ’yan ƙwallo. Stephen Keshi ne ya buɗe hanya, ya je Kwaddebuwa, daga can ya haye Beljiyam. A 1987 Yekini ya bi sahu, ya sa hannu da ƙungiyar Africa Sports ta Abijan, ya yi shekara uku yana ci mata ƙwallaye.

A 1990 ya tsallaka Turai, zuwa ƙungiyar Vitoria da ke Setubal, wani garin masunta a kudu da Lisbon a ƙasar Fotugal. Yana da kusan shekara 27 a lokacin, shekarun da ’yan wasan yau suke ganin sun riga sun yi nisa a Turai. Ƙungiyar ba ta cikin manyan ƙasar irin su Benfica da Porto da Sporting, har ma ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen kakarsa ta farko. Yekini bai gudu ba. A kakar 1992 zuwa 1993 ya ci ƙwallo 34, ya fi kowa a rukunin, ya taimaka ƙungiyar ta dawo sama. A kaka mai zuwa ya ci 21 a babban rukuni, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Fotugal baki ɗaya, alhali yana buga wa ƙaramar ƙungiya. A shekara huɗu ya ci wa Vitoria ƙwallo kusan 90 a wasannin lig. Jaridun Turai suka laƙaba masa Bijimin Kaduna.

Salon wasansa ba mai yawan ado ba ne. Ba ya tsayawa yanke-yanke domin burge ’yan kallo. Abin da yake da shi shi ne gudu mai nisa, ƙarfin kafaɗa da ke ture mai tsaron baya, da bugu mai nauyi da ke sa gola ya yi shakkar tarewa. Ya san inda ƙwallo za ta faɗo kafin ta faɗo. A 1993 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar, ɗan Najeriya na farko da ya sami wannan lambar yabo.

Shekara goma ana neman kofi

Yekini ya fara sa rigar Najeriya a 1984, lokacin ana kiran ƙungiyar Green Eagles. Tarihinsa da Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka tarihin haƙuri ne. A 1984 a Kwaddebuwa, Najeriya ta kai wasan ƙarshe, Kamaru ta doke ta da ci 3 da 1. A 1988 a Maroko ta sake kaiwa, Kamarun ta sake doke ta da ci 1 da nema. A shekarar ce kuma ya je wasannin Olamfik a Seoul, ya ci ƙwallo ɗaya a ragar Yugoslabiya.

A 1989 aka kawo koci Clemens Westerhof daga Holan. A gasar 1990 a Aljeriya, masu masaukin baƙi suka lallasa Najeriya da ci 5 da 1 a wasan farko, kowa ya fid da rai. Yekini ya ci ƙwallon da ta ba da nasara a kan Masar, ya ci wadda ta ba da nasara a kan Kwaddebuwa, ya ƙara ɗaya a ragar Zambiya a wasan kusa da na ƙarshe. Aljeriyar ce dai ta ɗauki kofin da ci 1 da nema. A 1992 a Senegal, Ghana ta tare hanya a wasan kusa da na ƙarshe, Najeriya ta zo ta uku, Yekini ya fi kowa da ƙwallo 4.

Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci. A wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 1994, Yekini ya ci ƙwallo 8, kuma ranar 8 ga watan Oktoba, 1993, kunnen doki 1 da 1 a birnin Aljiyas ya ba Najeriya tikitin zuwa Amurka karo na farko. Bayan wata shida aka je Tunisiya. Ya ci biyu a ragar Gabon, biyu a ragar Zayar, ɗaya a ragar Kwaddebuwa a wasan da sai da aka kai ga bugun fenariti. Ranar 10 ga watan Afrilu, 1994, Najeriya ta doke Zambiya da ci 2 da 1, Emmanuel Amunike ya ci duka biyun. Zambiyar nan sabuwar ƙungiya ce da aka haɗa bayan hatsarin jirgin sama na Afrilun 1993 a gaɓar tekun Gabon ya hallaka ’yan wasanta, don haka duniya na tausaya mata. Yekini ya fi kowa da ƙwallo 5, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Jimillar ƙwallayensa a Kofin Afirka 13 ne. A watan nan ne hukumar FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya, matsayin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa kaiwa ba.

Amurka da abin da ya biyo baya

Bayan ƙwallon Dallas, Amokachi da Amunike suka ƙara, aka tashi 3 da nema. Ajantina ta doke Najeriya da ci 2 da 1, Najeriya ta doke Girka da ci 2 da nema, ta jagoranci rukuninta. Ranar 5 ga watan Yuli aka haɗu da Italiya. Najeriya na gaba da ci 1, saura minti biyu a tashi, Italiya kuma na da mutum goma, sai Roberto Baggio ya farke, ya kuma ƙara da fenariti a ƙarin lokaci.

Yekini bai sake cin ƙwallo a gasar ba bayan ta farko. Bayan an dawo, ya fito fili ya koka cewa wasu abokan wasansa sun riƙa hana shi ƙwallo da gangan, ya kuma soki tsarin koci a wasan Italiya. Wasu daga cikinsu sun musanta. Ko ma dai mene ne gaskiyar lamarin, wannan saɓani ya bar tabo, kuma tun daga lokacin dangantakarsa da da yawa daga cikin ’yan wannan ƙungiya ta yi sanyi.

Daga nan tauraronsa ya fara dusashewa. Ya koma Olympiacos ta Girka a 1994, zaman bai yi daɗi ba, wasanni kaɗan ya buga ya bar ta. Ya je Sporting Gijon ta Sifaniya, rauni da rashin sa’a suka dabaibaye shi. Siyasa ma ta yi nata. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a Nuwamban 1995 da kakkausar sukar da Nelson Mandela ya yi, gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana Najeriya zuwa kare kofinta a Afirka ta Kudu a 1996, hukumar Afirka kuma ta hukunta ta da haramcin gasar 1998. Shawarar da aka yanke a fadar gwamnati ta cinye wa ’yan wasan da suka fi kowa ƙarfi a nahiyar gasa biyu, kuma Yekini bai sake buga Kofin Afirka ba.

Ya koma Setubal na ɗan lokaci a 1997, sannan ya tafi Zurich ta Suwizalan, inda ya ci ƙwallo 14 a kaka ɗaya, abin da ya sa aka tafi da shi Kofin Duniya na Faransa a 1998 ƙarƙashin koci Bora Milutinovic. Yawanci daga benci yake shigowa. Wasan da Danmak ta ci Najeriya 4 da 1 ranar 28 ga watan Yuni shi ne na ƙarshe da ya sa rigar ƙasa. Ya bar ta da ƙwallo 37, adadin da ya zama ma’aunin da ake gwada kowane ɗan wasan gaba na Najeriya da shi.

Bai yarda ya ajiye takalmi ba. Ya buga a Bizerte ta Tunisiya, ya buga wa Al-Shabab ta Riyad a Saudiyya, ya koma Africa Sports, ya dawo gida ya buga wa Julius Berger ta Legas. A 2005, yana da shekara 41, ya sake fitowa a ƙungiyar Gateway ta Abeokuta, jama’a suka riƙa cika filaye domin su gan shi da idonsu.

Shekarun shiru

Da ƙwallo ta ƙare, yawancin tsaransa sun nemi aikin koci, ko sharhi a talabijin, ko muƙami a hukumar ƙwallo, ko kusanci da gwamnoni. Yekini bai nemi ko ɗaya ba. Ya zauna a gidansa na Ibadan shi kaɗai, yana ƙin amsa gayyatar bukukuwa da karramawa, yana guje wa ’yan jarida. Mazauna garin sun saba ganinsa da sassafe yana atisaye a filin wasa na Liberty, wanda aka sauya wa suna zuwa Obafemi Awolowo a 2010, kamar mai shirin wasa gobe. Waɗanda suka san shi sun shaide shi da riƙon salla, da rashin son almubazzaranci, da kyauta ga mabuƙata ba tare da shela ba.

Jaridun lokacin sun ruwaito cewa ya zuba wani kaso mai yawa na dukiyarsa a hannun wani amininsa ɗan canji a Sabo, ’yan fashi suka kashe aminin, kuɗin suka salwanta. Mutum ne mai ƙarancin abokai, don haka rashin ya zama biyu: na dukiya da na wanda yake buɗe wa ciki. Daga baya rahotanni suka yawaita cewa yana fama da matsalar ƙwaƙwalwa da tsananin damuwa. A watan Afrilun 2012 ’yan uwansa suka ɗauke shi daga gida da nufin nema masa magani. Bayan ’yan makonni aka sanar da rasuwarsa. Lauyansa da wasu makusantansa sun nuna rashin amincewa da yadda aka tafi da shi, dangi kuma suka tsaya a kan cewa taimakonsa suka yi. An yi masa sutura bisa tsarin Musulunci a garin Ira, ya bar mahaifiya da ’ya’ya mata.

Abin da ya rage a kan teburin gwamnati

Bayan nasarar Tunisiya, gwamnatin tarayya ta yi wa ’yan wasan 1994 alƙawarin gidaje. Wasu ƙalilan sun samu, sauran suka yi ta jira. Sai a watan Yunin 2021, shekara 27 bayan alƙawarin, Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba su. Kafin ranar, Uche Okafor ya rasu a 2011, Yekini a 2012, Thompson Oliha a 2013, Wilfred Agbonavbare a 2015, kyaftin Stephen Keshi a 2016. Duk ma’aikacin da ya taɓa ganin fayil ya kwana shekaru a kan tebur ɗaya ya san yadda irin wannan ke faruwa: ba wanda ya ce a’a, ba kuma wanda ya ɗauki takardar ya kai ta ofishi na gaba. Alƙawari kaya ne, amma idan gwamnati ce ta ɗauka, hannun ma’aikaci ne ke sauke shi.

Akwai kuma batun abin da mutum zai dogara da shi bayan aiki. Ma’aikacin tarayya yana da shekara 35 na aiki ko shekara 60 na haihuwa, kuma tun dokar fansho ta 2004 ana tara masa wani abu duk wata, ko da kuwa ana kuka da yadda ake biya. Ɗan ƙwallo kuwa aikinsa na ƙarewa kafin ya kai 40, sauran rayuwarsa kuma ta rataya ne a kan abin da ya adana da amanar waɗanda ya damƙa wa. Yekini ya yi wa ƙasa wasa shekara 14, amma babu wani tsari da ya wajabta wa kowa ya bi sawunsa bayan ya tafi.

Batu na uku shi ne lafiyar ƙwaƙwalwa. A lokacin da Yekini ke fama, dokar da ke aiki a Najeriya kan wannan lamari ita ce ta zamanin mulkin mallaka, ta 1958, wadda ta fi damuwa da tsare marar lafiya fiye da yi masa magani. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar doka da ta tanadi haƙƙin majiyyaci da ƙa’idojin kai shi asibiti. Amma doka a takarda ba ta isa ba matuƙar jama’a na ɗaukar irin wannan ciwo abin kunya da ake ɓoyewa, ko abin da ake kaiwa ko’ina ban da wurin likita. Idan har mutumin da duk Najeriya ta san fuskarsa zai iya shiga wannan hali a tsakiyar babban birni, ana ganinsa kullum ana wucewa, to ina ga tsohon masinja ko akawu da ya yi ritaya ya koma ƙauye?

Gwamnatin Jihar Kwara ta sa sunansa a babban filin wasa na Ilori, magoya bayan Vitoria a Setubal kuma har yau suna ambatonsa cikin gwarazan ƙungiyarsu. A Kakuri da Tudun Wada, a Sabo da Ojoo, dattawan da suka ga zamaninsa suna ba yara labarin dogon nan da gola ke tsoron bugunsa. Wannan karramawa ta dace da shi, sai dai ta zo lokacin da ba zai amfana da ita ba. Akwai tsofaffin ’yan wasa da tsofaffin ma’aikata da dama da suke raye a yau, wasu fayil ɗinsu na cikin ofisoshin Abuja. Su ne za a iya yi wa abin da ba a yi wa Yekini ba.

Allah Ya jiƙan Rashidi Yekini, Ya gafarta masa kurakuransa.